Leb din da na kai Hajiyarmu gwajin jini a Zoo Road

Hajiyarmu shekararta 67, wata biyu tana korafin jiri da kasala, daga wajen alwala zuwa kan sallaya sai ta zauna ta huta, tafin hannunta ya yi fari fat. Mai kemis din unguwarmu ko tambaya bai yi ba ya miko kwalbar maganin karin jini, ta shanye biyu amma ba wani sauki sai bayan gida da ya yi mata tauri.

Karshe dai likita ya rubuta gwaji muka je wani leb a Zoo Road. Gaskiya wurin tsaf yake, a gabanmu aka bare allura, yarinyar da ta debi jinin kuma ta iya magana da manya, "Mama kawo hannun, yanzu za a gama", sau daya ta samu jijiya. Abin da ban ji dadinsa ba benci biyu ne kawai, tsofaffi a tsaye, sannan sakamakon wani gwaji da ake kira feritin sai washegari ga kudinsa ya fi na PCV, wato gwajin yawan jini, nesa ba kusa ba.

Amma wallahi ban yi asara ba, don feritin din ne ke nuna ayon din da jiki ya ajiye, wato sinadarin da jiki ke hada jini da shi. Nata ya yi kasa sosai, himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, 9 alhali mace ana so kar ta gaza 12. Likita ya ce wadda al'ada ta dauke mata miligiram 8 ya ishe ta a rana ba 18 irin na masu haihuwa ba, don haka in tsohuwa ta rasa ayon sai a nemi inda jini ke zurarewa. Ashe diclofenac din da take sha kullum saboda gwiwa ne ya yi mata gyambo a ciki. Ga shayi, tana gama tuwo sai ta sha kofi guda, shi kuma hana ayon shiga jiki yake.

Abin da ya fi daga min hankali Baba ma kurbar maganin nata yake wai don karfi, alhali in ayon ya yi yawa jiki bai iya fitar da shi, taruwa yake a hanta da zuciya, shi ya sa ake auna masu sikila da ake yawan kara wa jini. Mun kai shi, nasa lafiya lau, an hana shi.

Yanzu an canza mata maganin gwiwa, tana shan kwayar ayon da lemon zaki, ga hanta da wake da kwadon zogale, shayi sai bayan awa biyu. Wata uku za mu koma leb din in sha Allah, amma da sassafe kafin a cika bencin.