Resista a jere ko gefe da gefe, wanne zai ba ka 500 om?

Ɗan uwa da ya tambaya jiya, ka ce kana son kunna jan LED, ƙaramar fitilar lantarkin nan, da batir mai bolt 12, lissafi ya nuna maka resista, ƙaramar abar da ke rage gudun wuta, mai 500 om (ma'aunin yadda take tare wutar) amma ba ka da ita, ko za ka iya haɗa wasu su ba ka. Eh za ka iya, hanya biyu ce.

Lissafinka daidai ne. Jan LED na shan kamar bolt 2, saura 10, raba da karent ɗin da LED ɗin ke buƙata, wato yawan wutar da ke ratsawa, miliam 20 (0.02 a lissafi), ka samu 500, dokar Ohm ke nan, Bajamushen nan da ya wallafa ta a 1827.

A jere, wato siris, ƙafar wannan ka murɗa da ta wancan kamar taragon jirgi, hanyar wutar ɗaya ce tal don haka tarawa kawai za ka yi. 330 da 180 sun ba ka 510, wannan goman da ta ƙaru kar ta dame ka, resista mai zoben ruwan zinari a jikinta dama tana iya kaucewa da kashi 5 cikin 100. Karent ɗin da ya ratsa ta farko shi ke ratsa ta biyu, bolt ɗin ne suke rabawa, babbar ta kwashi kaso mafi yawa.

Gefe da gefe kuwa abin juyewa yake, ka buɗe wa wuta hanya biyu ne, jimilla sai ta sauka ƙasa da mafi ƙanƙantarsu. In guda biyu ne ninka su ka raba da jimlarsu, in iri ɗaya ne ma raba biyu shikenan, 1k (om 1000) biyu sun ba ka 500 cif. A nan masu koyo da yawa ke faɗawa, su tara su ce 2000, abin na damuna wallahi don kuskuren kan ƙona kaya.

Ni dai a aikinka 1k biyun zan ɗauka saboda zafi. Wat 0.2 (ma'aunin wutar da ke zama zafi) za a ƙona gaba ɗaya, resista ɗaya mai kwatan wat ta kusa iyakarta, amma biyun kowacce 0.1 kawai take ɗauka. Kuma in ɗaya ta yanke fitilar dusashewa za ta yi, a jere kuwa ɗauke wuta ne gaba ɗaya.

Kafin ka sa dalma ɗora mitar auna om a kansu, amma a waje, in suna kan bod, allon da ake haɗa kayan a kai, sauran kayan za su rikita maka karatun.