Jan fatsa da dare a tafkunan Amurka: abin da za ka saya da abin da za ka bari a kanti

Ranar da na fara shiga kantin kayan su a Minesota, na tarar da bango guda cur an rataye masa kifayen ƙarya masu ƙugiya da ake yaudarar kifi da su, ja da kore da ruwan zinare, wasu har da ƙararrawa a ciki. Na cika leda na fito ina murna. Sai da shekara ta zagayo na lura guda uku kawai nake ɗaurawa, sauran suna kwance a akwati ƙugiyoyinsu sun sarƙe da juna. Kuɗin da na zuba a kansu da ya saya mini manaɗi, wato abin naɗe zare a jikin sandar fatsa, mai kyau har da canji. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yanzu, nakan ce masa ya fara kashe kuɗinsa a kan abin da zai nuna masa zurfin da ƙugiyarsa take da saurin da jirginsa yake yi. Launi ya zo daga baya.

Kifin da ake nema shi ne wanda suke kira walleye, ni kuma zan ce masa farin-ido, don idon nasa haka yake, fari-fari kamar mai yana. Minesota ta ɗauke shi a matsayin kifin jiha tun 1965. A can cikin idonsa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, irin na kyanwa, saboda haka yana gani a duhu fiye da ƙananan kifayen da yake ci. Da rana yakan lafe a ƙasa. Bayan magariba sai ya hauro ruwa mara zurfi, ƙafa 4 zuwa 10, kan duwatsu da gefen ciyawa, ya yi farauta. Kai kuma aikinka ka saki zare a bayan jirgi, ka yi ta tafiya a hankali, mil 1 zuwa 2 a awa, kifin ƙarya yana rawa a baya. Masu abin sun fi son daren farin wata a Satumba da Oktoba, lokacin da ruwa ya yi sanyi kuma manyan suka matso gaɓa.

Kafin ka zaro katin banki, duba dokar wurin da za ka shiga, don ita ce za ta gaya maka yawan sandunan da za ka saya. A yawancin tafkunan Minesota, idan ba su ake yi a kan ƙanƙara bayan tafki ya daskare ba, zare ɗaya aka yarda wa mutum ɗaya. A tafkin Erie ɓangaren jihar Ohayo kuwa uku ne, haka ma a jihar Mishigan. Wanda zai fita shi kaɗai a Minesota ya sayi sanduna huɗu, uku ado ne. Tafkin Mille Lacs na Minesota ma yana da nasa ƙa'idojin na musamman a kan su da dare, kuma sukan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka karanta na bana, kar ka dogara da abin da abokinka ya gaya maka bara.

To, manaɗi. Nan ne zan daɗe. Iri biyu ne a gabanka: na yau da kullum wanda ake jifa da shi, da mai ƙidaya, wanda ke da ɗan agogo a gefe yana nuna ƙafa nawa na zare ka saki. Idan kana da na farkon a gida, zai yi aiki a ruwa mara zurfi, ka riƙa ƙirga jan hannu. Amma cikin duhu da sanyi, ga hira, ƙirge yana ɓacewa. Ka kama kifi da zare ƙafa 90 a baya, ka sake saki ka tsaya a 130 ba ka sani ba, sai ka kwana kana mamakin yadda kifi ya daina ci, alhali ƙugiyarka ce take sharar ciyawa a ƙasa. Mai ƙidaya shi ke raba ka da wannan. Okuma Magda shi ne na masu ƙaramin ƙarfi, kuma yana aiki. Okuma Convector da Cold Water da Daiwa Sealine suna tsakiya. Shimano Tekota yana sama, birkinsa, mai sassauta zare idan kifi ya ja, laushi kamar man shanu, tsadarsa kuma daidai da laushin. Ga mai fita sau biyar ko shida a kaka, na tsakiya ya isa har ya yi yawa. Abin da masu kanti ba su cika faɗa ba shi ne, agogon nan juyin kwarkwaro yake ƙirgawa, ba zaren kansa ba. Idan ba ka cika kwarkwaron da zare yadda ya kamata ba, lissafin ƙarya zai ba ka. Auna ƙafa 100 a filin ajiye motoci, ka ja zare, ka ga ko agogon ya yarda da kai. In za ka sayi biyu, sayi iri ɗaya ka cika su daidai.

Sanda ba ta buƙatar dogon bayani. Mai tsawon ƙafa 7 zuwa 8 da rabi, mai laushin kai, mai arha. Jirgi ne ke soka ƙugiya a bakin kifin, ba hannunka ba, kuma sanda mai tauri yage bakin take yi. Tsadaddiyar sanda a nan asara ce, musamman da yake cikin duhu ake taka su.

Zare uku ne ake gardama a kansu. Na roba, mai ɗaukar fam 10, shi ne tsohon hannu: yana miƙewa, yana yafe kuskure, kuma yawancin jadawalin zurfin kifayen ƙarya da shi aka auna su. Saƙaƙƙen zare siriri ne, ba ya miƙewa, yana nitsar da ƙugiya fiye da na roba, kuma da shi za ka ji ko ɗan ganye ya maƙale, abin da ke da amfani sosai idan sandar tana hannunka kuma ba ka ganin komai. Aibinsa, idan ka cika ƙarfi kifi zai tsinke. Na ukun mai dalma ne a ciki, launinsa yana sauyawa duk yadi 10, kowane launi kuma yana nitsewa kusan ƙafa 5. Wannan na ruwa mai zurfi ne, tsakiyar bazararsu. Da daren kaka a ƙafa 6, nauyi ne kawai. Ni na roba nake sa wa baƙo, saƙaƙƙe nake riƙe wa kaina.

Yanzu ga bangon nan da ya cinye mini kuɗi. Siffar da ke aiki da dare doguwa ce siririya, kamar yatsa. Rapala Original Floating ita ce uwarsu. Wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, shi ya fara sassaƙa irinta da hannu a 1936, ya naɗe ta da takardar gwangwani don ta yi ƙyalli. Ta yanzu da itacen balsa ake yin ta, mara nauyi, rawarta a hankali, babu ƙara. Lamba 11 da 13, wato tsawonsu a santimita, su ne na farawa. Idan ka tsaya takan taso sama, don haka ba ta cika maƙalewa a duwatsu ba. Husky Jerk, ita ma ta Rapala, ta roba ce mai ƙararrawa, kuma idan ka tsaya sai ta tsaya cak a tsakiyar ruwa. Wannan tsayuwar sau da yawa ita ke sa farin-ido da ya daɗe yana bin ta ya kai cafka. Smithwick Rattlin' Rogue tana da masoya sosai a yankin Erie, ƙugunta ya fi juyawa. Ruwa a kwance garau, wata ya haska, sai mai shiru. Iska ta taso ruwa ya gurɓace, sai mai ƙara. Launi kuwa, baƙi da azurfa ɗaya, baƙi da zinare ɗaya, sai mai haske ɗaya saboda ruwa mai duhu. Biyu-biyu na kowane launi, shida ke nan, sun ishe ka kaka guda. Kifin daga ƙasa yake hango inuwar abin a sama, ba ya karanta sunan launin da ke jikin kwali.

Akwai kuma allon da ake maƙala wa zare ya ja shi gefe, nesa da jirgi, don kar ƙarar inji ta kori kifi. Off Shore Tackle da Church Tackle su ne sanannu, kuma a yawancinsu na dama daban, na hagu daban. A faɗin Erie, mutum uku da sanduna shida ko fiye, ba makawa sai da su, tare da 'yar fitila a kan kowanne. A ƙaramin tafki mai duwatsu, ina ganin wahala ce. Wani dare ni da wani abokina muka saki biyu, muka yi kwana da gaggawa, zaruruwa suka haɗe. Minti arba'in muka yi muna warwara da yatsun da sanyi ya kashe, jirgin kusa da mu kuwa muna jin fantsamar kifi a homarsu. Tun daga ranar, zare ɗaya a hannu, ƙafa 100 ko fiye a baya, ina ɗan fizgarsa gaba ina sakinsa.

Babban kuɗi yana wajen inji. Babban injin jirgi sau da yawa ba ya iya rage gudu zuwa mil ɗaya da rabi. Mafi arhar magani shi ne ka ja jakar rage gudu a ruwa, ko ma bokiti biyu. Na gaba, ƙaramin injin fetur mai ƙarfin doki 9.9, wanda ba ya gajiya kuma yana iya da iska, sai dai ƙara da hayaƙi. Sai na lantarki, irin Minn Kota, kamfanin da ya faro a garin Fargo na jihar Dakota ta Arewa a 1934. Shiru yake, kuma masu GPS irin su Terrova suna riƙe hanya da sauri da kansu, hannunka biyu su huta. Ƙaramin jirgin alminiyam mai batir ɗaya na bolt 12 da turin fam 55 ya ishe shi. Jirgi mai nauyi sai bolt 24 da fam 80. Batirin lithiyam ya fi na dalma rashin nauyi da daɗewa, amma ya fi tsada nesa, kuma ba a yi masa caji idan sanyi ya kai na daskarewa sai mai ɗumama kansa. A Minesota a ƙarshen Oktoba wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na'urar gano kifi, ko Humminbird ko Lowrance ko Garmin, da dare taswirarta ta fi hoton kifinta amfani. A ƙafa 6 kifi yakan kauce kafin jirgi ya bi ta kansa, ba za ka gan shi a allo ba. Ƙarama mai taswirar zurfin tafkinka ta wadatar. Ka fita tun da sauran rana, ka bi gefen duwatsun, na'urar ta zana layin, in duhu ya yi ka bi sawunka. Ka rage hasken allon, in ba haka ba zai makantar da kai.

Fitilun jirgi doka ce daga faɗuwar rana: ja a hagu, kore a dama, fari a sama wanda ake gani ta ko'ina. Fitilar goshi ka nemi mai jan haske, ba ta kashe ido, ba ta tara ƙwari. Kar ka haska ruwa da farin haske sai kifi ya zo bakin jirgi. A lokacin za ka ga idanu biyu suna ƙyalli suna tahowa kafin ka ga jikin. Homa kuma mai ragar roba, don ƙugiya mai baki uku idan ta shige ragar zare, ka gama su na rabin awa.

Rigar ceto iri biyu ce, mai hura kanta da mai soso. Ta farkon ba ta takura, ta dace da zafi. Da daren Oktoba ni mai soso nake sawa a kan rigar sanyi, tana ƙara ɗumi kuma babu abin da zai ƙi tashi a jikinta. Ruwan lokacin yana kashe hannu da ƙafa cikin 'yan mintoci, ko da mutum ya tashi yana ninƙaya a kogi. Wadda za ka saya, ka gwada ta a kanti a kan rigar sanyin da za ka fita da ita, don wadda ta yi maka daidai a kan taguwa ba lallai ta rufu ba.