Jan fuska a hoton amarya: Lightroom ko Photoshop?

Ɗan'uwa daga Gusau, ka ce ka ɗauki hotunan kamu a ƙarƙashin jar rumfa, fuskar amarya ta fito jajir, kana tambayar wanne ya fi gyara ta cikin manhajojin gyaran hoto, Lightroom ko Photoshop. Kafin ka taɓa komai, nemi wani farin abu a hoton, ko farar shadda ko takardar gayyata. In shi ma ya rine, to hasken rumfar ne ya ɓata hoton, fatar lafiyarta ƙalau.

Wannan aikin Lightroom ne. Ɗauki ɗan tsinken daidaita fari (na White Balance) ka danna kan shaddar, sannan ka ja ma'aunin Tint kaɗan zuwa ɓangaren kore. In a RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, launin zai dawo ba tare da hoton ya lalace ba; JPEG ba ya jure ja da yawa. Gyaran nan guda kuma za ka iya kwafe shi kan duk hotunan da ka ɗauka a rumfar.

Inda mutanenmu ke faɗawa rami shi ne ma'aunin launuka. Fatar mutum, fara ko baƙa, akasarinta a ruwan goro take, kuma nan ne jan lallen hannun amarya yake zaune. Ka rage ruwan goro da ja a hoton gaba ɗaya, fuska ta lafa, amma lallen da aka yini ana yi ya koɗe, jan-baki ya mutu, leshi ya sauya kama. Tun 2022 Lightroom na kwamfuta yana iya ware fatar fuska ita kaɗai.

Idan kuwa shaddar fara ce tas, jan a kumatu da gefen hanci kawai yake, irin na ƙuraje ko wanda man bilicin ke bari, Photoshop ya fi. Buɗe leyar Hue/Saturation, wato shimfiɗar gyaran launi da ake ɗorawa kan hoto, zaɓi ja kaɗai, karkata shi kaɗan zuwa rawaya, rage ƙarfinsa ƙiris. Sai ka cika mayafin leyar (mask) da baƙi don gyaran ya ɓuya, ka bi wuraren da suka yi ja da farin buroshi mai laushi. Yana cin lokaci, hoto ɗaya bayan ɗaya, don haka a bar shi ga wanda za a sa a firam.

Naka dai na rumfa ne, fara da Lightroom.

Ko da wanne ka yi, ina roƙonka kada gyaran ja ya zama ƙara mata fari. Baƙar fata in aka zuƙe launinta sai ta yi furu-furu kamar ƙafar da hunturu ya buga ba mai. Rinƙa gwada fuskar da wuya da bayan hannu kana aiki. Da ka ga sun fara rabuwa, koma baya kaɗan.