Gargaɗi Kan Masu Sayar da "Dokin da Zai Ci" a TikTok da Telegram

Jama'a, a yi hattara da wasu masu tashe a TikTok da Facebook da ke ikirarin suna da labarin sirri kan dokin da zai zo na ɗaya a tseren Faransa ko na Ingila. Za ka ga mutum ya jingina da tsaleliyar mota, ya baje kuɗi a kan gado, yana nuna hoton tikitin da ya ce ya ci jiya. Daga nan sai ya ce ka shigo zaurensa na musamman a WhatsApp ko Telegram, ka biya kuɗin wata, shi kuma kullum zai turo maka lambobin dawaki. Wani ma har cewa yake yana da ɗan hannu a cikin mahaya, wai an riga an shirya tseren tun kafin a tashi. Damfara ce tsagwaronta.

Abin ya fi kama 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru, domin can an daɗe da sanin cacar dawaki ta PMU. Mutum na zaune a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa, yana zuba kuɗinsa kan dawakin da ke gudu a filin Vincennes ko Longchamp na birnin Paris, dawakin da bai taɓa sa wa ido ba. To a tsaya a yi lissafi. Idan dawaki 16 ne suka fito, aka ce ka jero biyar na farko bi da bi, hanyoyin da za su iya jeruwa 524,160 ne, ɗaya tak ce kuma daidai. Sannan tsarin PMU tara kuɗin kowa ake yi wuri guda, kamfani da gwamnati su cire nasu, ragowar a raba wa waɗanda suka dace. Yawan masu dacewa, ƙarancin rabon kowa. Ashe ke nan wanda ya san lambobin da gaske, duk mutumin da ya gaya wa ya rage wa kansa rabo. Me zai sa ya yi ta shela yana sayar da su a kan jaka biyu?

Amsar ita ce abincinsa ba a jikin doki yake ba, a aljihunka yake. Da farko akwai kuɗin shiga zaure. Sai kuma wanda mutane da yawa ba su sani ba: lambar nan da yake nacin ka saka idan za ka buɗe asusu a manhajar caca, wai don a ba ka kyauta. Da ita kamfanin ke gane cewa shi ya kawo ka. A irin wannan yarjejeniya, sau da yawa kamashonsa wani kaso ne na abin da ka yi asara, kuma yana ci gaba da karɓa muddin kana bugawa. Ranar da ka ci, nasa ya ragu. Ranar da aka cinye ka, ya samu. Mutumin da ribarsa ke cikin faɗuwarka, shi ka ɗauka mai ba ka shawara.

Wani zai ce: "Ai ni na gwada shi, sau uku a jere yana faɗa min kuma yana fitowa." Wannan tsohuwar dabara ce, har an taɓa tona ta a talabijin ɗin Birtaniya a 2008. Wani mai wasan dabo, Derren Brown, ya fara da mutum 7,776, ya kasa su gida shida, ya ba kowane gida sunan doki daban a tseren dawaki shida. Dole ɗaya ya ci. Sai ya watsar da waɗanda nasu ya faɗi, ya sake kasa 1,296 ɗin da suka rage gida shida. Haka ya yi ta yi har sau biyar, aka bar mace guda wadda ta ga an faɗa mata gaskiya sau biyar a jere, ta sakankance har ta ciyo bashi ta zuba a karo na gaba. Ba ta san da sauran dubban da aka zubar a hanya ba. Yau da waya a hannu abin ya fi sauƙi: a buɗe zauruka goma, kowanne a ba shi lamba daban, a goge saƙon da bai ci ba, a gyara wani bayan an gama tsere. Hoton tikiti kuwa, yaro ma zai haɗa shi a waya.

Su kansu ƙwararrun da suka tsufa a harkar ba su da tabbas. A babban tseren Grand National na 2009 a filin Aintree da ke Ingila, dokin da ya lashe, Mon Mome, kamfanonin caca sun ba shi ɗari bisa ɗaya, wato kusan babu wanda ya sa masa rai. Shi kuwa tseren dawakin kwamfuta da ake nunawa a allon shagunan caca a Najeriya, babu doki babu mahayi, na'ura ce ke zaɓen lamba. Duk wanda ya ce ya gano sirrinta ƙarya yake yi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yara. Ɗan sakandare yana kallon wanda yake burge shi, yana ganin wannan ita ce hanyar arziki, ya fara da kuɗin tara, ya koma kan na makaranta, daga nan sai jarin mahaifiyarsa. Birtaniya da kanta, inda caca ba laifi ba ce, tun Oktoban 2022 ta hana sanya taurarin ƙwallo da 'yan soshiyal midiya masu jan hankalin 'yan ƙasa da shekara 18 a tallar caca. A Kano, Hisbah ta rufe shagunan caca a 2024, amma shagon da ke cikin wayar yaro ba ya rufuwa da kwaɗo. Hukuncin caca a addini kuma ba ɓoyayye ba ne, yana nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90.

Idan ka riga ka faɗa hannunsu, ɗan uwa, ka tsaya a nan. Kada ka ƙara ko sisi da sunan fanshe asara, domin ta wannan ƙofar aka fi talauta mutane. Ka adana saƙonninku da shaidar tura kuɗi da lambar asusun da ka biya, ka kai ƙara wurin 'yan sanda, ko EFCC idan a Najeriya kake, ka kuma kai rahoton shafin a manhajar da ka gan shi. Kada kunya ta hana ka gaya wa na kusa da kai, don da wuya a ce kai kaɗai suka taɓa a unguwarku.

Sannan ka saurari zuwan na biyu. Bayan 'yan kwanaki wani zai iya tuntuɓarka ya ce shi jami'i ne ko masanin kwamfuta, zai ƙwato maka kuɗinka idan ka biya wani abu kaɗan, ko ka turo lambar sirrin da banki ya aiko wayarka. Sau da yawa su ɗin ne dai suka sake shiga, ko kuma wanda suka sayar wa lambarka. Kada ka ba shi komai, ka toshe shi.