Gina kuɗi da hannu ko ta ƙofa guda: amsa ga ɗan'uwanmu na Tawa

Ɗan'uwa, ka ce kana gyara manhajar da ka rubuta da Python don dillalan albasar Galmi, kuma ko'ina cikin kod ɗin kana gina `Kudi` (`class` ɗinka mai riƙe adadin kuɗi) da hannu, a gwaji kuma kana duba kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya. Ka tambaya: ka bar shi haka, ko ka yi ƙananan magina, wato ƙofofin da za su riƙa gina maka `Kudi`, ka koma kwatantawa da `==`? Na bi hanyoyin biyu, ga yadda na same su.

Ta farko ba ta da wahalar farawa, iyakar alherinta ke nan. Ka rubuta `Kudi(200)`, bayan wata uku ka dawo, kai kanka ba ka san 200 ɗin me ba ne. A kasuwa dillali da dala yake magana, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1000. Rasit kuma da sefa ake rubuta shi. Idan a wuri talatin kake ninkawa da 5, wata rana za ka manta a wuri guda, buhun wani ya faɗi warwas a lissafi.

Ta biyu kuwa, ka ajiye komai da sefa a ciki, ka buɗe ƙofofi da `@classmethod`: `Kudi.daga_dala(200)`, `Kudi.daga_jika(1)`. Ninkin yana wuri ɗaya tak, sunan kuma ya faɗi abin da ake nufi. Ni wannan na fi so, nesa ba kusa ba.

Wajen kwatantawa ne nake so ka natsu. Idan ba ka rubuta `__eq__` ba, wato abin da `==` yake kira wajen kwatantawa, Python ba ya duba abin da ke ciki. Tambayarsa kawai ita ce ko abu ɗaya ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Saboda haka dala 200 da jika ɗaya zai ce maka sun bambanta. Sa `@dataclass(frozen=True)`, wanda ya zo da Python 3.7 a 2018, shi zai rubuta maka `__eq__` da `__hash__`. Gwajinka sai ya zama layi guda: `assert Kudi.daga_dala(200) == Kudi.daga_jika(1)`. Duba gurbi-gurbi kuwa, ranar da ka ƙara sabon gurbi, tsohon gwajin zai ci gaba da wucewa bai ko kalle shi ba.

Kada ka taɓa sa `is` a kan lambobi, don shi ko abu ɗaya ne a ƙwaƙwalwa yake dubawa, ba ƙima ba. Ni ya taɓa cin mini dare guda a nan Yamai: gwaji da dala 200 ya wuce lafiya, jimillar da ta kai dala 300 ta ƙi. Ashe CPython, wato Python ɗin da aka fi amfani da shi, yana ajiye kwafi ɗaya na lambobi daga -5 zuwa 256, abin da ya haura nan babu tabbas.

Nauyi kuma, in kana auna kilo da ɗigo, `0.1 + 0.2` yana ba da 0.30000000000000004, don haka `pytest.approx` ko `math.isclose` za ka sa. Kuɗi dai bar su a cikakkiyar lamba.

Kafin ka taɓa komai, fara rubuta gwaje-gwajen a kan tsohon kod su wuce. Sannan ka riƙa canza wuri ɗaya, ka kunna `pytest` mai gudanar da gwaje-gwajen, ka matsa na gaba. Turo mana `class` ɗin in ka gama, mu duba tare.