MiFi na biyu ko rawuta mai raba gudu: amsa ga ɗan'uwanmu na Mabera

Malam, kai da ka ce ku tara ne a gida kuma data ba ta kai ku ashirin ga wata, kada ka sayi MiFi na biyu, wato ƙaramar na'urar nan mai SIM da batir da ke raba wayfai. Ni na yi, kuma har yau ina jin zafin kuɗin. Amfaninsa guda ne, yana shiga aljihu. Waya goma yake ɗauka, nawa ba shi da wurin da za ka ce wane ya rage gudu, ga batir da zafin Afrilu na Sakkwato ya kumbura shi har murfi ya ƙi rufuwa.

Abin da ya kawo zaman lafiya gidana a Arkilla ƙaramar rawuta ce, na'urar raba intanet a gida, ƙirar TP-Link mai eriya biyu, TL-WR840N. Ba ta ɗaukar SIM, don haka sai ka jona ta da kebul a bayan rawutar kamfanin layi mai SIM, wadda ke da ramin LAN, wato ramin sa kebul ɗin intanet. Cikin saitinta akwai wani wuri da aka rubuta Bandwidth Control, a nan kake yanka wa kowa nashi rabo. Na ba kwamfutata da wayar uwargida lambar IP (lambar da rawuta ke gane kowace na'ura da ita) da ba ta canzawa na bar su a sake, yara kuwa na tara su wuri guda na ƙayyade musu gudu. Kafin wannan, da an yi sallar isha'i ɗiyana su kunna TikTok da ƙwallo, ni kuma ina nan ina jiran takarda guda ta tafi ta imel, har shayi ya huce. Ranar da na saita ta, babban ya leƙo falo yana cewa, "Baba, yau netwok ba kyau." Na ce mishi sai haƙuri, haka kamfanonin nan suke. Wata biyu ya yi bai gane ba.

Ka fahimci abu guda: ba data take rabawa ba, gudu take rabawa. Sai dai in gudu ya ragu, YouTube da ire-irensa da kansu suke sauke ingancin hoto, bidiyon HD kuwa yana iya lashe sama da 1GB a awa ɗaya. Ta nan ragowar ke fitowa. Ni nakan ba kowane yaro gudun kusan 1024Kbps, ya ishe shi WhatsApp da karatu da kallo daidai gwargwado.

Kuskuren da na fara yi shi ne barin wayfai na rawutar kamfanin a kunne. Yaran duk suka zagaye ta can. Kashe shi, ka canza kalmar sirrin shiga saitin, kar ka bar ta admin. Sauya fasawod na wayfai kawai kuwa wahalar banza ce, tunda wayoyin Android na yanzu suna nuna shi da QR, yaro ɗaya ya samu, majalisar ƙofar gida duk ta samu. Raunin TP-Link ɗin shi ne wayfai na zangon 2.4GHz kaɗai take da shi, kuma in an ɗauke wuta tana buƙatar ƙaramin UPS, wato batirin da zai riƙe ta.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa: in rawuta mai SIM za ka saya, yi hattara da masu shagon da ke cewa "wanga duk layi yake ɗauka". An taɓa sayar mini da tsohuwa a sabon kwali, kuma a kulle take da layi ɗaya. Sa naka SIM a gabansa, ka buɗe saitin ka gani da idonka, ka karɓi rasit. Wanda ya ce maka data marar iyaka ce, tambaye shi a GB nawa ake rage gudu.

Sayi TP-Link ɗin. In saitin ya gagare ka, turo hoton allon nan cikin zaure in nuna maka inda za ka danna.