Fitilun Landan da shagon Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kuna lafiya, ya sanyin Katsina? A gaida Inna da yara.

Kin ce in duba miki ko fitilun adon da kike gani a hotunana za su yi kasuwa a shagonki kafin ƙaramar sallah. Na zagaya na duba, ga abin da na gani.

A nan tun watan Nuwamba ake kunna fitilun Kirsimeti, don idan Disamba ta shiga ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu. Al'adar ma ba ta daɗe can ba. 'Yan kasuwar titin Regent ne suka fara a 1954 don jawo masu sayayya, titin Oxford ya bi sahu a 1959. Hawan sallarmu ya girme ta nesa ba kusa ba. Doguwar bishiyar da ake kafawa a dandalin Trafalgar kuwa birnin Oslo na ƙasar Norway ke aiko ta duk shekara tun 1947, tukuicin taimakon da Ingila ta yi musu a yaƙin duniya na biyu. Da can manyan ƙwayaye masu zafi da shan wuta ake ratayawa, yanzu duk an koma ƙananan ƙwayayen LED marasa shan wuta sosai. Mu ma an sa mu a lissafi: tun 2023 ake ƙawata titin Coventry da fitilun azumi, jinjirin wata da taurari, magajin gari Sadiq Khan ne ya kunna na farko.

Abin da ya burge ni shi ne hidimar. Akwai kamfanonin da za su zo da tsani su rataya maka a gida, su dawo a Janairu su kwance. Ƙananan hukumomi da yawa na kwashe busassun bishiyoyin Kirsimeti a niƙa su a yi taki. Fitila ta ƙi kamawa, ki koma da rasidinki a canja miki, ba rantsuwa ba cacar baki.

Amma Yaya, adonsu na titi ne da tagar kanti, mutanen da ke wucewa a ƙarƙashi duk baƙaƙen rigunan sanyi ne. Namu a jiki yake. Ki tuna yadda Inna ke shafe ɗaki da farar ƙasa ana jajibiri, a wanke kwanonin jere su riƙa walƙiya, mu kwana da lalle a ƙafa cikin leda. Washegari a Ƙofar Soro doki ɗaya, da jalalarsa da likkafa da ɗan kai, ya ishi ido kallo. Nan mai ƙunshi sai kin yi mata magana tun makonni kafin sallah, tela kuwa kuɗin ɗinkinsa ya fi na shaddar.

Shawarata kar ki yi oda daga nan. Yawanci 'yan China ne, irin waɗanda za ki samu a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ga fam ya yi tsada, ga kuɗin dako. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu, wannan ba damuwa, damuwar wutar da za a jona ce. Ki nemi masu sola ko masu batir, su ne za su tafi a wajenmu.

Bayan 26 ga Disamba suna karya farashi sosai, zan saya miki kala biyu ki gwada a ƙofar shago. Ke kuma in an samu mai zuwa, a haɗo min garin lalle da turaren wuta.

Ƙanwarki